Akawal ɗin da ya ci sau uku a Wolverhampton ya zo na bakwai a Newcastle: me na kasa gani?

Baban Ilham: Assalamu alaikum jama'ar zaure. Tambaya ce da ni ga masu ido a kan doki, musamman 'yan uwa da ke nan Ingila. Gidan da nake haya a Wolverhampton ba shi da nisa da filin sukuwa na Dunstall Park, to tun shigowar sanyi can nake zuwa da dare idan na taso daga aiki. In faɗa tun da wuri, ni ba caca nake yi ba. Katin tsere nake saya, in zauna da biro in zaɓi wanda nake ganin zai zo na ɗaya, in ga ko idona ya fara buɗewa. Akwai wani akawal da na ɗora wa ido tun Nuwamba. Sau uku ina tsaye a jikin shinge yana wuce ni shi kaɗai, sauran suna bin ƙurarsa. Lambobin da ke gaban sunansa 2111 ne. Makon jiya aka kai shi Newcastle, nisan tseren ɗaya ne, kusan mita 1,400, kuma filayen biyu duk Tapeta aka shimfiɗa musu, wato wani haɗin yashi da ake sa wa fili a maimakon ciyawa. Ya zo na bakwai. Abin ya tsaya mini a rai, domin na yi zaton idan ƙasa ɗaya ce, nisa ɗaya ne, to doki ma ɗaya ne.

Ɗan Barga: Wa alaikumus salam. Kafin in ce komai, Baban Ilham, amsa mini uku. Sau ukun da ya ci, yana gaba tun tashi ne, ko daga baya yake tahowa? Wace ƙofa ya fito a kowanne, cikin ƙofofin da ake jera dawaki a wurin tashi? Kuma makin da hukuma ta ba shi nawa ne ranar da ya fara ci, nawa ne ranar Newcastle?

Baban Ilham: Kullum shi ne a gaba, Yaya. Da an buɗe ƙofa yake kama jikin shinge. Na duba katunan da na ajiye: ƙofa ta 2, ta 1, sai ta 3. Maki kuwa 58 ne da farko, ranar Newcastle 74.

Ɗan Barga: To ai ka ba kanka amsa, ƙanena, sai dai ba ka ji ta ba. Bari in warware maka.

Shekarata ta tara ke nan ina aikin barga a kusa da Newmarket, ni ke share turke, ni ke ɗaura sirdi da asuba, wani lokaci ni ke raka doki a mota zuwa waɗannan filayen yashi. Abu na farko da na koya shi ne sunan da ake kiransu da shi, wai filayen kowane yanayi, yana sa mutum ya ɗauka abu ɗaya ne. Guda shida ne a Ingila, kowanne da halinsa. Lingfield, Kempton da Chelmsford wata irin shimfiɗar ce da su, mai suna Polytrack. Wolverhampton, Newcastle da Southwell Tapeta ne. Akwai na bakwai a Dundalk ta ƙasar Ailan, shi ma Polytrack. Kayan haɗin kusan ɗaya ne: yashi, zare, gutsattsarin roba, a cakuɗa da kaki don kada ruwa ya kwanta. Amma doki ba shimfiɗa kaɗai yake gudu a kai ba, yana gudu ne a kan siffar fili.

Wolverhampton ƙaramin zobe ne, zagayensa kusan mil ɗaya, kwanarsa matsattsiya, miƙen ƙarshe kuma gajere. Dokin da ya fito daga ƙofar ciki ya kama shinge ya shiga gaba, ya riga ya ci rabin tseren. Mahayinsa zai ɗan ja linzami a kwana ya ba shi numfashi, na baya suna cunkushe ba hanyar wucewa, kafin su fita waje su miƙe an iso layi. Newcastle kuwa, wannan nisan da ka faɗa a miƙe ake yinsa sambal, babu kwana ko ɗaya, fili ne mai faɗi, ƙarshensa kuma hawa ne. Ba inda na gaba zai ɓuya ya huta. In iska tana bugowa ta fuska, shi ne ke tare wa na baya ita. Dokinka bai canja ba, abin da yake ci da shi ne aka ɗauke masa.

Kawu Na Turke: Madalla da wannan bayani, ɗana. Ko a nan gida haka abin yake. Dokin da ya iya juyi a filin folo ba lalle ya iya dogon zango ba. Mu da muka tashi a gindin turke, ba ma tambayar sau nawa doki ya ci sai mun tambayi a ina, kuma da wa ya kara.

Maman Walid: Sannunku. Ni a Newcastle nake zaune, aikina lissafi ne, kuma mahaifina mai doki ne, shi ya sa nake bin zauren nan ko da ba na yawan magana. Ina so in ƙara wa maganar Yaya Ɗan Barga awo, don mutane suna raina batun ƙofa.

Ku ɗauki kwana mai siffar rabin da'ira. Dokin da ya zaga ta yana nesa da shinge da mita 2 fiye da ɗan uwansa, ya yi ƙarin tafiyar mita 6 da 'yan kai. Wannan ba ra'ayi ba ne, lissafin da'ira ne da muka yi a sakandare. Tsawon doki ɗaya kuwa bai kai mita 2 da rabi ba. Ke nan a kwana ɗaya tak ya yi asarar tsawon doki biyu da rabi. In tseren mai kwana biyu ne, biyar. Yanzu ku duba sakamakon tseren dare a waɗannan filaye, sau nawa tazarar na ɗaya da na biyar take kai tsawon doki biyar? Sau da yawa ba ta kai ba. Don haka dokin da kati ya rubuta masa 5, wanda ya fito daga ƙofa ta 11 ya sha waje tun daga tashi har layi, yana iya fin wanda aka rubuta wa 1 gudu a wannan daren. Kati ba zai gaya maka ba. Sai ka koma ka kalli bidiyon.

Baban Ilham: Allah ya saka da alheri, Hajiya. Wallahi ban taɓa kallon na biyar ba. Idona yana kan na gaba ne kawai.

Abba Sabon Shiga: Don Allah ku yi haƙuri da ni, ni ko katin ban iya karantawa ba. Mene ne maki? Kuma waɗannan haruffan da ke gefen suna, C da D da BF, me suke nufi?

Ɗan Barga: Ba laifi, Abba, kowa da ranar da ya fara. Lambobin gaban suna matsayin da doki ya zo ne a tserensa na baya-bayan nan, na hannun dama shi ne na ƙarshe. Sifili na nufin bai shiga cikin tara na farko ba. C na nufin ya taɓa ci a wannan fili, D ya taɓa ci a wannan nisa, CD a haɗe ya ci a wannan fili a wannan nisa. BF kuwa shi ne wanda jama'a suka fi sa wa rai a tserensa na baya amma ya sha kaye. Ƙananan haruffa na kayan fuska ne: b da v da p duk nau'in makarin ido ne da ke hana shi waige, t an ɗaure masa harshe don kada ya toshe masa numfashi, h hular da ke rufe kunne ce ga doki mai firgita. Tun Janairun 2018 kuma dole mai horarwa ya bayyana idan an yi wa doki aikin maƙogwaro.

Maki shi ne gishirin abin. Yawancin tseren hunturu a waɗannan filaye handikaf ne, wato tseren daidaita nauyi. Hukumar sukuwa ta Birtaniya tana da ma'aikata da aikinsu shi ne ba kowane doki lamba gwargwadon abin da ya nuna, galibi bayan ya yi tsere uku, kuma duk Talata ake sabunta lambobin. Maki ɗaya laba ɗaya ce ta nauyi. Mai 70 zai ɗauki laba 5 fiye da mai 65, in mahayi bai kai nauyin ba a cika da dalma a ƙarƙashin sirdi. Manufar ita ce a sa duka su iso layi tare. Ka ga ke nan duk cin da doki ya yi, hukunci ne yake jawo wa kansa.

Mu dawo kan akawal ɗin Baban Ilham. Daga 58 zuwa 74 laba 16 ke nan. A irin wannan nisa ana ƙiyasta kusan laba 2 a kan tsawon doki ɗaya. Sannan ƙarin makin ya fitar da shi daga aji na 6, ajin masu ƙaramin maki, ya kai shi cikin waɗanda suka fi waɗancan da ya saba dokewa. Fili ya juya masa baya, kaya ya ƙaru, abokan karawa sun fi ƙarfi. Ni na bakwai ɗin ma ban ga abin kunya a ciki ba.

Maman Walid: Kuma a lura, akwai dawakin da ke da maki biyu, ɗaya na ciyawa ɗaya na yashi, saboda hukuma da kanta ta yarda ba doki ɗaya ba ne a wuraren biyu. Idan ka ga 0080 a gaban suna, duba ko duk a ciyawa mai laka ya yi su a kaka. In shekarar da ta wuce ya ci sau biyu a wannan filin da maki sama da na yau, to waɗannan sifilan rangwame suka jawo masa.

Kawu Na Turke: Ni fa 'ya'yana, lissafin nan naku ya yi mini yawa. Ku kawo mini dokin in gan shi yana tafiya. In ga gashinsa ko yana sheƙi, in ga ko ƙafar baya tana taka inda ta gaba ta tashi ko ma ta wuce, in ga kunnensa, in ga ko gumi ya keto masa tsakanin cinyoyi alhali ana sanyi. Ido ba mudu ba ne amma ya san kima. Doki ba ya karanta takarda.

Maman Walid: Kawu, Allah ya ƙara girma, ban musa ba. Amma ido zai gaya maka doki lafiyarsa ƙalau yau, ba zai gaya maka dawaki huɗu cikin goman nan duk masu son gaba ba ne. Wannan sai takarda. Kuma ni a ganina shi ne abu mafi nauyi a tseren yashi, ya fi ƙofa, ya fi ma nauyin kaya: wa zai ja gaba, kuma da wane irin gudu? In mai son gaba ɗaya ne tak, zai ja su a hankali ya ajiye ƙarfinsa, ya tsere musu a miƙen ƙarshe. In sun kai uku ko huɗu, za su kashe juna tun rabin hanya, wani da ke can baya yana jira ya zo ya tsince su. Yanzu ana wallafa lokacin da kowane doki ya yi a kowane zango na mita 200, kana iya gani da idonka inda aka ƙona mai.

Kawu Na Turke: To 'yata, wannan ai shi ne abin da muke cewa mahayi ya san dokinsa. Kun ba shi lamba ne kawai.

Ɗan Barga: Ku biyun duk kuna da gaskiya, amma bari in goyi bayan Kawu a wuri ɗaya, don na gani da idona. Akwai wata goɗiya da na riƙe shekara biyu. A gida, a kan yashin atisaye, babu mai kama ta. Ranar da muka kai ta Southwell, lokacin ana kan tsohuwar shimfiɗa ta Fibresand, ta makara a tashi ta faɗa bayan dawaki. Da ta dawo na karɓi ragama, fuskarta duk yashi, ya cika mata hanci, idanunta sun yi ja suna hawaye, tana ta tari. Na ɗauki soso da ruwan ɗumi ina wanke mata ido tana kau da kai. Daga ranar, duk lokacin da yashi ya taso mata a fuska sai ta ɗaga kai sama ta daina gudu. A kati za ka ga 9 da 0 ne kawai. Wanda ya kalli yadda take ɗaga kai ne zai san ba gudu ta rasa ba, tsoro ne. Da aka samu mahayin da ya fitar da ita waje inda ba mai watsa mata ƙasa, ta zo ta biyu duk da doguwar hanyar da ta sha.

Wannan shimfiɗa ta Southwell ita ce ta fi kowacce zurfi da watsa yashi, tun 1989 har zuwa ƙarshen 2021 da aka canja ta da Tapeta. Akwai dawakin da ba sa ci a ko'ina sai can, da yawansu masu jinin dawakin Amurka da suka gaji gudu a kan ƙasa. Shi ya sa nake jan kunnen masu duba tsohon tarihi: in ka ga C a gefen tsohon doki a Southwell, duba shekarar. In kafin canjin ne, filin da ya ci a kai babu shi yanzu.

Malam Na Zawiyya: Assalamu alaikum. Na daɗe ina karanta ku ban sa baki ba, amma akwai nauyi a kaina in yi magana. Baban Ilham ya ce ba ya caca, na kuma gaskata shi. Sai dai wannan ilmin da kuke shimfiɗawa, su wa suka gina shi, kuma don me? Tseren dare a tsakiyar hunturu, a fili da 'yan kallo ba su cika ko kwata ba, don wa ake yinsa in ba don shagunan caca su samu abin sayarwa ba? Allah ya haɗa caca da giya a aya ɗaya, aya ta 90 a Suratul Ma'ida, ya ce mu nisance su. Nisanta aka ce, ba a ce ku tsaya a bakin rijiya kuna leƙe ba. A zauren nan akwai yara irin su Abba. Ina tsoron mu koya musu karanta kati yau, gobe wani ya koya musu sauran.

Abba Sabon Shiga: Malam, ni wallahi sha'awar doki ce kawai ta kawo ni.

Malam Na Zawiyya: Na sani, ɗana. Kowa da sha'awa yake farawa.

Ɗan Barga: Allah ya gafarta Malam, ba zan yi maka gardama a kan asalin abin ba, don gaskiya ka faɗa. An buɗe filin farko a Lingfield a Oktoban 1989 ne saboda sanyi da ruwa suna soke tseren hunturu, kuma kowa ya san kuɗin wa ke tsayawa idan aka soke tsere. Ni da nake cin abinci a wannan sana'a na fi kowa sanin haka, kuma abin yana damuna. Amma ilmin sanin doki ya girmi shagon caca. Kai ka fi ni sanin hadisin Ibn Umar, cewa Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya sa an yi tsere tsakanin dawakin da aka horar daga Hafya zuwa Saniyyatul Wada, waɗanda ba a horar ba kuma aka ba su gajeren zango zuwa masallacin Banu Zuraiƙ. An raba su aji-aji, an ba kowane aji nisan da ya dace da shi. Mai gidan da nake wa aiki, da wannan karatun katin yake yanke shawarar inda zai kai doki da inda ba zai kai shi ba. In ya yi kuskure, dabba ce ke shan wahalar tafiyar awa huɗu a mota a banza.

Malam Na Zawiyya: Hadisin ingantacce ne, kuma ban ce tsere haramun ne ba. Mai doki da mai horarwa da kai mai kula da shi, hujjarku a fili take. Tambayata a kan ɗan kallo ce, wanda ba shi da doki ba shi da turke, ya kwana yana lissafin wanda zai ci. Ina wannan lissafin yake kai shi?

Na Damagaram: Malam, bari ni in amsa, don ni ya kai ni inda kake tsoro. A nan wajenmu ba sai an je Ingila ba, tseren Faransa ake bugawa, kiyos yana bakin titi, takardar hasashe tana yawo hannu da hannu tun safe. Su ma suna da irin wannan filin yashi a Deauville da Chantilly da Cagnes-sur-Mer, a can ake yin da yawa daga tseren hunturu. Na shekara shida a ciki. Kuma ba da ka nake bugawa ba, na iya karatun nan da kuke yi, ina da littafi guda da nake rubuta kowane doki da ƙofarsa da nauyinsa. Na fara da jika ɗaya. Ranar da na tsaya, babur ɗin da nake neman abinci da shi na sayar, na gaya wa mai ɗakina wai an sace. Ta yi kwana uku tana yi mini jaje tana kuka. Har yau in na tuna fuskarta a ranakun nan sai in ji kamar ƙasa ta tsage in shige. Abin da ya fi cutar da ni shi ne iyawar. Wanda bai san komai ba yana asara ya tafi. Ni kuwa kullum ina da bayanin abin da ya sa na kusa ci, to kullum akwai dalilin komawa gobe.

Kawu Na Turke: Allah ya yafe mana baki ɗaya. Ka yi jarumta da ka faɗa, ɗana.

Maman Walid: Allah ya mayar maka da alheri, Yaya. Kuma ina so Abba da duk wani yaro da ke karantawa ya ji wannan daga bakin mai lissafi. Dokin da kasuwa ta fi sa wa rai, wanda dubban mutane masu bayanai fiye da namu suka taru a kansa, kusan sau ɗaya cikin uku yake ci. Sau biyu yana faɗuwa. Sannan farashin da mai shago yake bayarwa, in ka tara yiwuwar duka dawakin tsere ɗaya, za ka ga ta haura ɗari bisa ɗari. Wannan rarar ita ce ribarsa, ya cire ta tun kafin a buɗe ƙofa. Duk abin da muka faɗa a sama na ƙofa da nauyi da gudun farko, shi ma ya san shi, ya riga ya sa shi cikin farashi. Karatun kati yana sa ka fahimci abin da ka gani. Ba ya mayar da kai mai cin kuɗin shago.

Mai Kula da Zaure: Jama'a, ga matsayar zaure, kuma dama tana cikin ƙa'idojinmu. Ana maganar doki, ana maganar fili da horo da yadda ake karanta tsere. Ba a kawo farashi, ba a kawo sunan shagon caca ko manhajarsa, ba a cewa ga wanda za ku sa wa kuɗi yau. Wanda ya yi, zan cire saƙon. Malam, ina fata wannan ya rage maka damuwa.

Malam Na Zawiyya: Ya rage, bai kawar ba. Amma na faɗi abin da ke kaina, kuma Na Damagaram ya faɗe shi fiye da ni. A Dubai ma ai ana sukuwa ta manyan kuɗi a Meydan ba tare da an buɗe tagar caca a filin ba, to ba dole ne su tafi tare ba. Zan ci gaba da zama a nan ina sauraro.

Abba Sabon Shiga: Na ji, kuma na gode. Tambaya ɗaya ta rage mini. Wani abokina ya ce dawakin yashi duk tarkace ne, na kirki a ciyawa suke. Haka ne?

Ɗan Barga: Rabin gaskiya ce. Yawancin tseren daren hunturu na ƙananan aji ne, dawaki ɗaya kake ta gani suna zagayawa, yau wannan ya ci gobe wancan, gwargwadon yadda maki ya hau ko ya sauka. Amma gaya wa abokinka ya nemi labarin Enable, goɗiyar marigayi Yarima Khalid Abdullah da John Gosden ya horar. Tserenta na farko a duniya a kan Tapeta ta yi shi a Newcastle, a Nuwamban 2016, ta ci. A 2017 ta ci Arc, babban tseren Faransa. A 2018 ta yi jinya ta daɗe ba ta fito ba, da za a dawo da ita sai aka kai ta Kempton a Satumba, a kan Polytrack, ta doke wani gwarzon doki mai suna Crystal Ocean, bayan wata ɗaya ta sake cin Arc. Manyan barga suna son waɗannan filaye ga dukushi mai tasowa saboda ƙasar ba ta yin laka ba ta yin tauri kamar dutse. Don haka in ka ga tseren sababbin dawaki a Newcastle ko Kempton a ƙarshen shekara, ka buɗe ido.

Kempton ɗin ma ka riƙe wannan: shi kaɗai ne cikin shidan ake zagayawa ta hannun dama. Akwai dokin da in ya gaji yake karkata gefe ɗaya. Mai karkata hagu, shinge yana tare shi a Wolverhampton ko Chelmsford, a Kempton kuwa sai ya yi ta ficewa waje.

Baban Ilham: Wannan ya tuna mini wani abu. Daren da aka yi tsananin sanyi a Janairu, na ga tarakta tana ta zagaya filin tsakanin kowane tsere, kuma lokutan daren duk sun yi nauyi. Na ɗauka dawakin ne ba su da kyau.

Ɗan Barga: Ba dawakin ba ne. In ana tsoron ƙanƙara sai a yi wa shimfiɗar kaftu mai zurfi don kada ta daskare, sai ta yi laushi ta riƙa cin ƙafa. Tsananin zafi ma yana narkar da kakin ya canja ta. Kati zai ce ƙasa daidai take, ko daidai mai ɗan nauyi, amma wannan kalma tana rufe abubuwa da yawa. Kada ka gwada lokacin wani dare da na wani dare kai tsaye. Gwada doki da waɗanda suka yi gudu a dare ɗaya da shi.

Maman Walid: Baban Ilham, ga aikin gida in kana so. Koma ka kalli tseren Newcastle ɗin sau uku. Na farko ka bi akawal ɗinka shi kaɗai, ka ga ko an bar shi ya ja gaba cikin kwanciyar hankali ko wani ya matsa masa. Na biyu ka kalli wanda ya ci, daga ina ya taho. Na uku ka manta da su biyun, ka nemi wanda aka toshe wa hanya ko ya makara a ƙofa amma yana ta cin ƙasa a ƙarshe. Ka rubuta mana abin da ka gani.

Baban Ilham: Na kalla, Hajiya, har sau huɗu. Dawaki biyu ne suka sa shi a tsakiya tun tashi, ba su bar shi ya numfasa ba, kuma su ukun duk a baya suka ƙare, shi ne ma ya fi su daɗewa yana faɗa. Wanda ya ci yana can na biyun ƙarshe har aka wuce rabi. Akwai kuma wani kili da ya yi tuntuɓe a ƙofa, mahayinsa ya nemi hanya sau biyu ana rufe masa, ya zo na huɗu yana tafe da ƙarfinsa. Da a da ne ko ganinsa ba zan yi ba.

Kawu Na Turke: To shi akawal ɗin, yaya ka ga tafiyarsa bayan an wuce layi? Ya ɗingisa ko ya dawo da ƙafafunsa huɗu daidai?

Baban Ilham: Daidai ya dawo, Kawu, kunnuwansa a tsaye.

Ɗan Barga: To lafiyarsa ƙalau. Wataƙila Talata a rage masa laba ɗaya ko biyu. In mai shi ya dawo da shi Wolverhampton, ka je da wuri ka tsaya a zoben da ake zagayawa da su kafin a hau, ka duba abubuwan da Kawu ya lissafa. Sannan ka ƙirga masu son gaba a katin kafin ka ɗora biro a kan kowa. Kilin nan kuma ka rubuta sunansa a bayan littafinka, ka gaya mana ranar da ya sake fitowa.